Motar da Ba Ta da Direba: Mu Yi Magana Tun Kafin Ta Shigo Tasha

Jama'a, a birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka, tun watan Oktoba na 2020 mutum yake latsa wayarsa ya kira tasi, mota ta zo ta tsaya a gabansa, ya shiga ya tarar babu kowa a kujerar direba. Sitiyari yana juya kansa, mota ta tsaya a danja, ta ba mai tafiya a ƙasa hanya, ta sauke fasinja ta ƙara gaba. Motocin kamfanin Waymo ke nan, wanda ya samo asali daga wani aiki da Google ya fara a 2009. A watan Afrilu na 2025 kamfanin ya ce motocinsa suna ɗaukar fasinja fiye da sau 250,000 a kowane mako. A birnin Wuhan na ƙasar Sin, kamfanin Baidu yana da irinsu ɗaruruwa a kan titi. Dubai kuwa, inda 'yan kasuwarmu ke zuwa saro kaya, ta ƙudura cewa kafin 2030 kashi 25 cikin ɗari na zirga-zirgar birnin za ta kasance babu direba. Abin nan ya daina zama almara.

Masu waɗannan motoci suna da hujja, kuma hujjar tana da nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce a kan gaba, alhali mu ne muka fi kowa ƙarancin motoci. Wane gida ne a cikinmu bai taɓa zaman makokin wanda hanya ta ci ba? Na'ura ba ta gyangyaɗi, ba ta shan ƙwaya don ta kwana tana tuƙi, ba ta amsa waya a kan kwana, ba ta tseren riga wani lodi. Wani nazari da Waymo ya yi tare da kamfanin inshora na Swiss Re, wanda aka fitar a ƙarshen 2024, ya duba tafiyar mil miliyan 25, ya nuna cewa neman diyyar rauni ya ragu da kashi 92 cikin ɗari idan aka kwatanta da tuƙin mutane. Duk wanda ya ce wannan ba komai ba ne, bai san zafin rashi ba.

Amma ku dubi wanda ya kawo lissafin. Mai haja ne yake yabon hajarsa. Kuma akwai labari biyu da ya kamata kowane direba da kowane ɗan majalisa ya sani.

A daren 18 ga Maris 2018, a garin Tempe na Arizona, motar gwaji ta kamfanin Uber ta kaɗe wata mata da ke tsallaka titi tana tura kekenta, ta rasu. Masu bincike na gwamnati sun gano cewa na'urar ta hango ta fiye da daƙiƙa biyar kafin karon, amma ta yi ta sauya shawara: mota ce, keke ne, ko wani abu ne daban? Ba a shirya ta ba don ta yi tsammanin mutum zai tsallaka a inda ba a shata masa layi ba. Ku sake karanta wannan, sannan ku tuna yadda muke tsallaka titi a bakin Kantin Kwari. Da aka zo hukunci, ba a gurfanar da kamfanin da laifin kisa ba. Ma'aikaciyar da aka zaunar a kujerar gaba don sa ido, wadda hankalinta ya tafi kan waya, ita aka kai kotu.

Na biyu ya fi tayar da hankali. A ranar 2 ga Oktoba 2023 a San Francisco, wani direba ya kaɗe wata mata ya gudu, ta faɗo gaban motar kamfanin Cruise wadda babu kowa a ciki. Motar ta taka birki, amma ta riga ta hau kanta. Sai na'urar ta yanke cewa ta koma gefen titi ta tsaya, ta ja matar a ƙarƙashinta kusan mita shida. Ko yaron mota da ya fara koyo jiya zai ji ihu ya tsaya cak. Hukumar jihar California ta dakatar da lasisin Cruise a wannan watan, tana zarginsa da ƙin bayyana abin da ya faru dalla-dalla, daga baya kuma kamfanin ya amsa cewa rahoton da ya miƙa wa gwamnatin tarayya ya ɓoye maganar jan matar, aka ci shi tara. A Disamba 2024 General Motors, kamfanin da ya mallaki Cruise, ya janye kuɗinsa daga harkar. To, idan a ƙasar da ke da masu bincike da 'yan jarida masu bin diddigi kamfani ya gwada ɓoye gaskiya, me zai yi a inda ba wanda zai tambaye shi?

Sai maganar abinci. Mota ɗaya a tasha ba direba kaɗai take ciyarwa ba. Akwai yaron mota, akwai ɗan kamasho, akwai mai faci da bakanike, akwai mai shayin da ke hura wuta tun asuba saboda motar farko, akwai mai motar da ke jiran balas da yamma. Motar da ba ta da direba ba ta cin tuwo, ba ta biyan kuɗin ƙungiya, kuma ribarta tana tafiya aljihun kamfani guda da ke wata ƙasa. A New York, lasisin tasi ya taɓa haura dala miliyan ɗaya a 2014; da tasin waya ya shigo, farashinsa ya rushe, direbobi, yawancinsu baƙi 'yan ci-rani, suka wayi gari da bashin da ba za su iya biya ba. Wannan fa da direba a cikin motar ke nan. A Wuhan direbobin tasi sun yi ta koke a 2024 cewa ana ƙwace musu abinci. A California ƙungiyar direbobi ta Teamsters ta matsa har majalisa ta amince da dokar da ke tilasta zaunar da mutum a cikin manyan motocin dakon kaya masu tuƙa kansu, gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu a 2023.

Mu ma mun san yadda sana'a ke mutuwa da sanarwa ɗaya. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a Janairu 2013. Legas ta hana ta a manyan unguwanninta a 2020, ta sake tsanantawa a 2022, muka ga matasanmu suna dawowa gida da baburansu a bayan tirela. Dalilin ya bambanta, amma ba a tambayi mai babur yadda zai ciyar da iyalinsa ba.

Za a ce mini wannan mota ba za ta zo Kano ko Maraɗi gobe ba. Haka ne. Tana da tsada, tana buƙatar titi mai layi da taswirar da aka auna lungu-lungu, ƙura da hazo kuma suna rage wa na'urorinta gani. Amma wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, Uber ya sauka Legas a 2014, kuma a kowane karo sai da abu ya zauna sannan muka fara neman dokar da za ta bi shi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW da na 'yan adaidaita sahu da takwarorinsu na Nijar: ku sa wannan batu a taronku tun yanzu, ku nemi a rubuta cewa babu wanda zai ba da lasisin irin wannan mota sai kuna zaune a wurin, kuma wani kaso na kuɗin lasisin ya tafi wajen koya wa direbobi gyara da kula da sababbin motocin. 'Yan majalisa, Birtaniya ta yi dokarta a 2024, ta ɗora alhakin tuƙin a kan kamfani muddin motar ce ke jan kanta. Ku karanta ta, ku yi tamu, ku tilasta cewa duk haɗarin da ya auku, bidiyonsa da bayanansa cikakku su isa hannun hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, ba wanda kamfani ya tsakuro ba. A gwada motar a titinmu, cikin hazonmu, tsakanin amalanke da awaki da yara 'yan makaranta, kafin a yarda da lissafin Arizona.

Malamanmu na fiƙihu, ku ma akwai tambayar da ke jiranku: idan mota ta kashe mutum babu direba a ciki, wa zai biya diyya? Wanda ya ƙera ta, ko wanda ya rubuta mata umarni, ko wanda ya sa ta haya? Ku zauna da injiniyoyin jami'o'inmu ku amsa tun ba a kawo gawa ba.

Kai kuma direba, ka rage gudu, ka bar ƙwaya, ka ajiye waya. Duk haɗarin ganganci da ka yi, hujja ce ka miƙa wa masu son cire ka daga kujerarka.