ƘANANAN HALITTU MASU CIN BAƘIN MAI

Duk wanda ya bi ta garejin kanikawa a Zango ko Daura ya san inda ƙasa ta yi baƙi ƙirin. Nan ake zubar da baƙin mai in an yi wa mota ko babur juye. Ko ciyawa ba ta tsirowa a wurin. Ƙasarmu kuwa rairayi ce, da damina ruwa yakan ja man nan ƙasa, ga kuma rijiyoyin da muke sha a kusa.

A ganinmu wannan ɓarna tana da magani, kuma ba mai tsada ba ne. A cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, wato bakteriya. Wasunsu suna cin mai, su mayar da shi ruwa da irin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Abin da suke bukata shi ne taki da iska da laima. A zuba kashin shanu ko na kaji, a riƙa juya ƙasar da fartanya, ana yayyafa ruwa. Bayan watanni man zai ragu ƙwarai. Da jirgin Exxon Valdez ya zubar da ɗanyen mai a Alaska ta Amurka a 1989, taki aka watsa a bakin teku don a ƙarfafa waɗannan halittu.

Amma kada mu ruɗi kanmu, ba kome suke ci ba. Dalma ba ta ruɓewa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Baƙin mai ma yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa, don haka kada a yi gaggawar shuka abinci a wurin da aka gyara. Aikin kuma ba na kwana ɗaya ba ne. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gyaran ƙasar Ogoni zai ci shekara 25 zuwa 30.

Saboda haka muna roƙon kanikawanmu su riƙa tara baƙin mai a duro. Mu ɗalibai kuma mu gwada aikin nan a lambun makaranta, mu nuna wa jama'a. Rigakafi dai ya fi magani.