Ɓera ɗaya, sakamako uku: ina mudun gaskiya?

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwa ya san rigimar da ke tashi idan tiyar mai saye ta bambanta da ta mai sayarwa. To, irin wannan rigima ce ta daɗe tana damun masu binciken ƙwaƙwalwa, kuma ta shafe mu, domin magungunan ciwon damuwa da na mantuwar tsufa kan bi ta jikin ɓeraye kafin su iso kantin magani.

Tun da masana suka gano hanyar kashe ƙwayar gado guda a jikin ɓera, aikin da ya ba Mario Capecchi da Martin Evans da Oliver Smithies kyautar Nobel a 2007, ake gwada halayen waɗannan ɓeraye. A saka ɓera cikin ruwa a ga ko zai tuna inda tudun tsira yake, ko a sake shi a fili a auna tsoronsa. Idan ya bambanta da ƴan uwansa, sai a ce ƙwayar da aka kashe ce sanadi.

Sai dai a 1999 John Crabbe da Douglas Wahlsten da Bruce Dudek suka fito da wani rahoto a mujallar Science. Sun gwada irin ɓeraye guda a Portland da Albany na Amurka da Edmonton ta Kanada, da kayan aiki iri ɗaya, a lokaci ɗaya. Duk da haka, a wasu gwaje-gwajen kowane gari ya ba da nasa sakamako. A 2014 kuma ƙungiyar Jeffrey Mogil ta jami'ar McGill ta nuna cewa warin jikin namiji mai gwaji na tayar wa ɓera hankali har ya rage nuna jin zafi, abin da warin mace ba ya yi.

Wasu na ganin maganin shi ne a ƙara tsananta doka, komai ya zama daidai, daga haske har abinci. Ni kam ban yarda ba. Manomin da ya gwada irin gero a gona ɗaya, damina ɗaya, bai san irin ba, gonarsa kawai ya sani. Wannan shi ne kashedin da masanin halayyar dabbobi Hanno Würbel ya yi tun shekarar 2000: yawan daidaitawa na haifar da sakamakon da ba ya tsallake ƙofar ɗakin da aka yi shi.

A ganina, abu biyu ya kamata a tilasta. Na farko, kowane mai bincike ya bayyana komai: irin ɓeran, jinsinsa, shekarunsa, yadda aka raba su da yadda aka kula da su, kamar yadda ƙa'idojin ARRIVE na 2010, waɗanda aka sabunta a 2020, suka tanada. Na biyu, kada mujalla ta karɓi babbar da'awa sai an maimaita gwajin a ɗakunan bincike dabam-dabam.

Lalle wannan zai ci kuɗi da lokaci. Amma gwajin da ba ya maimaituwa ya fi tsada: an kashe dabbobi a banza, an ɓarnatar da dukiya, an kuma sa wa marar lafiya rai da maganin da ba zai zo ba. Gara a auna sau uku da a sayar wa jama'a ƙaiƙayi.