Mutum-mutumi mai walda: darasin da ya kamata mu ɗauka

A watan Yulin shekarar 2021 aka buɗe wata ƴar gada ta masu tafiya da ƙafa a birnin Amstadam na ƙasar Holan, mai tsawon mita 12. Abin da ya ja hankalin duniya a kanta shi ne, mutum-mutumi ne na kamfanin MX3D suka gina ta, suna ɗiga narkakken ƙarfe layi bisa layi kamar yadda magini ke aza tubali. Da yawa daga cikin waɗanda suka ga hotonta cewa suka yi kwanan masu walda ya ƙare. A ganina, ba su kalli inda darasin yake ba.

Kafin a bar jama'a su taka gadar, sai da injiniyoyin jami'ar Imperial College ta birnin Landan suka gwada ƙarfen, aka aza wa gadar nauyi, aka kuma maƙala mata na'urori masu auna motsinta dare da rana har zuwa 2023 da aka ɗauke ta daga wurin. Ke nan ko aikin mutum-mutumi ba a yarda da shi da ido kawai ba.

Dalili kuwa a fili yake. Duk wanda ya tsaya ya dubi turken wutar lantarki ko eriyar wayar salula, zai ga sandunan ƙarfe ne aka saƙa su kusurwa uku-uku. Wannan saƙa ita ce ke ba ƙarfe kaɗan damar ɗaukar nauyi mai yawa, domin kowace sanda ko dai ana jan ta ko ana danna ta, sannan ta miƙa nauyin ga ta kusa da ita. To amma duk nauyin nan ta mahaɗa yake bi. Idan mahaɗa ɗaya ta saki, sauran sandunan sai su ɗauki abin da ba a lissafa musu ba.

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar 27 ga Maris 1980, dandalin Alexander Kielland da ma'aikatan haƙo man fetur ke kwana a kansa ya kife a tekun ƙasar Nowe, mutane 123 suka rasu daga cikin 212. Bincike ya gano cewa tsagar ta faro ne daga wata ƴar walda mai kaurin milimita 6 a jikin ɗaya daga sandunan da ke riƙe da ƙafar dandalin, igiyar ruwa ta yi ta faɗaɗa ta sannu a hankali. Haka kuma ranar 21 ga Oktoban 1994, wani sashe na gadar Seongsu a birnin Seul na Koriya ta Kudu ya rufta cikin kogin Han, mutane 32 suka mutu, aka kuma ɗora laifin a kan mummunar waldar da aka yi wa saƙar ƙarfen gadar.

Irin wannan ne masu binciken sarrafa mutum-mutumi ke neman magancewa. Walda mai kyau tana son abubuwa uku su daidaita: ƙarfin wuta, saurin tafiyar hannu, da tazarar da ke tsakanin bakin sandar walda da ƙarfe. Wuta ta yi yawa, ta cinye gefen ƙarfen. Ta yi kaɗan, narkin ya tsaya a sama, ciki bai kama ba. Ga shi kuma zafi na lanƙwasa ƙarfe ana cikin aiki, shi ya sa ake sa wa mutum-mutumi kyamara da na'urar da ke bin layin haɗin, kwamfuta na gyara masa hanya nan take. Tun 1969 da kamfanin General Motors na Amurka ya jera su suna waldar jikin motoci, babban amfaninsu shi ne maimaita aiki iri ɗaya ba gajiya, yanzu kuma har da ajiye bayanin kowace walda.

Mu a nan, daga kasuwar Katako ta Yamai har Maraɗi da Damagaram, masu walda ne ke ƙera mana turakun tankin ruwa, da saƙar rufin azuzuwa da masallatai, da allunan talla na bakin titi. Tanki mai lita 5,000 nauyin ruwansa kaɗai tan 5 ne, yana tsaye bisa kan yara a farfajiyar makaranta, ga iskar farkon damina na kaɗa shi. Wa ya duba mahaɗunsa kafin a shafa fenti? Sau da yawa babu kowa.

Wani zai ce ina muka ga kuɗin mutum-mutumi, alhali wutar lantarkin ma sai a hankali. Gaskiya ne, kuma ba shi nake nema mana ba. Masu waldarmu na da hannu, awo da gwaji ne suka yi musu ƙaranci, wasu gwaje-gwajen kuma ba su da tsada. Akwai ruwa mai launi da ake fesawa a kan walda ya tona tsagar da ido ba ya gani. Ana iya yanko guntun samfuri a lanƙwasa shi a ga ko zai buɗe. Ko adana sandunan walda nesa da laima na rage ramukan da ke ɓoyewa cikin haɗi.

Saboda haka ina kira ga makarantar EMIG ta Yamai da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da su tura ɗalibansu cikin rumfunan walda, su auna, su gwada, su mayar da sakamakon cikin Hausa da Zabarmanci. Ma'aikatun magadan gari kuma kada su karɓi tanki ko rufin ginin jama'a sai wani masani ya duba mahaɗunsa ya sa hannu. Mai ba da aiki shi ma ya daina matsa wa mai walda kan farashi har ya kai shi ga rage kaurin ƙarfe, don a ƙarshe iyalinsa ne za su zauna a ƙarƙashin rufin.

Allah ya kiyaye mu, ya sa albarka a sana'o'inmu.