Waiwaye: Hanyar da Tafki Ya Cinye

Wani kaso mai yawa na abincin da ake dafawa a unguwannin Nima da Mamobi na Akra sai ya haye ruwa kafin ya iso tukunya. Doyar ƙasar Karachi da ake saukewa a kasuwar Agbogbloshie, masara da gawayin filayen Afram, bandar kifin ƙauyukan bakin tafki, duk sun san layin jiran jirgin fito. Ranar da injin jirgin Dambai ko na Adawso ya tsaya, manyan motoci sukan jeru a bakin ruwa, direbobi su kwana ƙarƙashin motocinsu, doya ta fara lalacewa cikin zafi. Bayan 'yan kwanaki sai uwar gida ta je kasuwar Laraba a Nima ta tarar farashi ya ɗaga, ta yi ta faɗa da mai sayarwa, alhali abin da ya jawo tsadar yana can nesa a bakin Tafkin Volta.

Mu 'yan zango ba baƙin fito ba ne. Kakanninmu fataken Gwanja sun taso daga Kano da Katsina da jakuna ɗauke da kanwa, tufafi da fatu, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga su sayi goron Asante. Yeji mafita ce tun wancan zamani, nan goro yake haye kogi zuwa arewa. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, fatake da malamai suka bazu, wasu Yeji, wasu Kintampo, da yawa kuma suka sauka Kete, kusa da Karachi. A can ne Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna ya karantar har ya rasu a 1934. Wasu kuma suka juya wa hanyar ƙasa baya suka kama ta teku. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas, wato Gana ta yau, zuwa Ikko, tun kafin gyaɗa ta ɗaukaka sunansa. A zamanin Turawa ma, babbar hanyar mota daga Kumasi zuwa Tamale ta Yeji da Salaga take bi, jirgin fito yana haye da motoci cikin ɗan lokaci, domin kogi ne kawai, ana hango tsallake.

Sai aka gina madatsar Akosombo. An fara aiki a 1961, aka kammala a 1965, ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500. Mutum kimanin 80,000 aka tayar daga gidajensu, aka gina musu sabbin matsugunai 52. Tsohon garin Kete da zangonsa suka nutse. Mafitar Yeji, wadda a da ake hayewa kafin a gama gaisawa, ta koma tafiyar kilomitoci a kan ruwa. Babbar hanyar arewa ta kauce ta bi Kintampo da Buipe da Yapei inda aka yi gadoji, Salaga ta zauna a gefe tana kallon ciniki yana wuce ta. Filayen Afram kuwa suka zama kusan tsibiri.

Wutar lantarkin ta zo Akra, ta zo Tema, ta kunna masana'antar narka gorar ruwa ta Valco, har ta kai maƙwabta Togo da Benin. Ban raina wannan alheri ba, da hasken Akosombo muka yi karatu. Amma waɗanda suka sami haske daban, waɗanda suka rasa hanya daban. Mutumin Makango ko na Ekye Amanfrom bai roƙi a kawo masa tafki ƙofar gida ba. Hukuma ce ta yanke shawara, saboda amfanin ƙasa baki ɗaya, ta shafe hanyarsa da ruwa. Don haka ni a wurina kuɗin da gwamnati take zubawa a jirgin fito biyan bashi ne, kuma bashin da aka daɗe ana jinkirta shi.

A 1970 aka kafa kamfanin sufurin tafkin, Volta Lake Transport Company, wanda yake ƙarƙashin hukumar kogin Volta mai kula da madatsar. Aka ɗora masa aiki biyu. Na farko fito: Yeji zuwa Makango, Kete Karachi zuwa Kojokrom, Dambai zuwa tsallakenta, Adawso zuwa Ekye Amanfrom, sai mafitar Kpando. Na biyu dakon kaya a tsawon tafkin, siminti da man fetur daga Akosombo zuwa tashar Buipe, tafiyar sama da kilomita 400, ga kuma jirgin Yapei Queen da ya shekara da shekaru yana jigilar mutane da doya tsakanin Akosombo da Yeji. Matsalar tana cikin ginin tun daga tushe. An ce wa kamfanin ya yi hidimar jama'a da kuɗin fito mai sauƙi, an kuma ce ya riƙe kansa kamar ɗan kasuwa. Kuɗin da talaka zai iya biya ba ya sayen sabon inji. Shi ya sa sabbin jirage sukan zo ne idan an sami bashi ko gudummawa daga waje, kamar waɗanda tallafin Amurka ya samar wa mafitar Adawso, sannan a yi ta aiki da su har su gaji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne idan na tuna Black Star Line. A 1957, shekarar 'yancin kai, gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa wannan kamfanin jiragen teku tare da kamfanin Zim na Isra'ila, ta ba shi sunan wanda Marcus Garvey ya kafa a Amurka a 1919. Dalilin yana da ƙarfi: koko da katako na Gana duk a jiragen Turawa suke fita, su ne kuma suke yanka farashin dako. Aka sa wa jiragen sunayen kogunan ƙasar, suka shiga tashoshin Turai da Amurka da tutar Gana. Dattawan zango har yau suna tuna samarin da suka sami aiki a ciki, yadda sukan dawo da rediyo da faifai da labarin Liverpool. Kuɗin hukuma ya shiga kamfanin sosai, amma ido bai bi kuɗin ba. Bashi ya taru, jirage suka tsufa, duniya ta koma dakon kwantena kamfanin bai bi sahu ba, kafin ƙarshen shekarun 1990 an sayar da sauran jiragen an rufe shi. Daga nan sai kalmar tallafi ta zama abin kunya a bakin masu mulki, kamar tallafin ne ya yi laifi. Jirgin fiton talaka ya ɗauki zunubin da ba nasa ba.

Idan babban jirgi ya tsaya, mutane ba sa fasa tafiya. Marar lafiya yana buƙatar asibiti, mai doya yana da bashi a wuya, ranar kasuwa ba ta jira. Sai a koma wa jiragen katako masu inji a baya, a cika su da mutane da buhuna da dabbobi har ruwa ya kusa taɓa baki. Tafkin kuwa cike yake da kututturan itatuwa, domin ba a sare dazukan ba kafin ruwa ya rufe su. Wasu suna leƙowa sama, wasu suna ɓoye ƙarƙashin ruwa, su ne masu fasa cikin jirgi. A watan Afrilun 2006 wani jirgi ɗauke da mutanen da aka kora daga gandun dajin Digya ya kife, rayuka suka salwanta. A watan Janairun 2023 yara takwas suka nutse a gundumar Sene ta Gabas, suna kan hanyar zuwa makaranta a tsallake. Allah Ya jiƙan su. Tsakanin waɗannan shekaru biyu an yi wasu haɗurran da dama, kuma kowanne da irin bayanin da ya biyo bayansa: lodi ya yi yawa, iska ta taso, babu rigar ruwa.

Doka dai akwai ta. An kafa hukumar kula da harkokin ruwa, Ghana Maritime Authority, da dokar 2002, dokar jiragen ruwa ta biyo baya a 2003. An shata wa jirage layin da lodi ba zai wuce ba, an girke sojojin ruwa a manyan mafitai, ana rabon rigunan ruwa lokaci zuwa lokaci, an kuma cire kututture a wasu hanyoyin. Duk wannan yana da amfani, kuma a inda soja yake tsaye lodi yana raguwa. Sai dai gaɓar tafkin tana da tsawon dubban kilomitoci, mai jirgi yana iya tashi daga tasha da lodi daidai, ya tsaya ƙauye na gaba ya ƙara. Kuma ta yaya za ka hana mace mai naƙuda shiga jirgin katako da dare idan ba ka tanadar mata wani ba? Sa ido ba ya tsayawa da ƙafarsa sai akwai jirgi mai lafiya da ke tashi a kan lokaci.

Kada kuma a ɗauka cewa jirgi ya zama na gwamnati shi ke nan an tsira. Jirgin Joola na gwamnatin Senegal ne, sojojin ruwanta suke tuƙa shi. Ranar 26 ga Satumba, 2002 ya kife a gaɓar Gambiya da mutane ninkin-ba-ninkin abin da aka gina shi ya ɗauka, sama da 1,800 suka mutu. Mai jirgi da mai duba jirgi duk gida ɗaya suka fito, babu wanda ya iya ce wa ɗan'uwansa a'a. Dole mai binciken jirgin hukuma ya kasance yana da ikon ɗaure shi a tasha, ko da minista ne ya bugo waya.

A Norway, jiragen fito ɓangare ne na hanyoyin mota: hukuma tana ba da kwangila, tana biyan giɓin, tana kuma ƙayyade sawu nawa za a yi a rana. Mu ma ba mu taɓa tambayar babban titin Kanda na Akra ribar da ya kawo a shekara ba. Abin da nake so in gani shi ne a rubuta kuɗin fito a fili cikin kasafin ƙasa, mafita bayan mafita, a ɗaura shi da yawan sawu da kwanakin da jirgi ya yi aiki, a kuma bayyana wa majalisa duk shekara. A ajiye jirgin ko-ta-kwana da kayan gyara, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Gadojin da ake alkawari duk lokacin zaɓe, idan sun zo muna maraba, amma tsibirai da ƙauyukan bakin ruwa za su ci gaba da buƙatar jirgi bayan an gama kowace gada.

Dakon kaya kuwa yana da makoma idan an kula. A 2024 aka buɗe layin dogo mai tsawon kilomita 97 daga Tema zuwa Mpakadan a bakin tafki, da niyyar kaya su sauka daga jirgin ƙasa su hau na ruwa zuwa Buipe. Kayan Burkina Faso da Nijar da Mali da ke bi ta Tema, waɗanda 'yan'uwanmu direbobin tirela suke kwana da kwanaki suna ja, wani ɓangarensu zai iya bin ruwa, titin Kumasi ya huta. Hakan ba zai yiwu ba sai an gina tashar Mpakadan yadda ya kamata, an kuma magance duwatsun Debre da ke tare hanya kusa da Buipe idan ruwa ya ja baya. 'Yan kasuwar hatsi da doya na Nima da Mamobi suna da ƙungiyoyi, suna da sarakunan zango, suna da 'yan majalisa biyu, na Ayawaso ta Gabas da na Ayawaso ta Arewa. Idan an zo muhawarar kasafin kuɗi, su tura su su tambayi ministan sufuri nawa aka ware wa mafitar Dambai da ta Yeji, da kuma kwana nawa jiragensu suka yi a tsaye bara.