Labarin Duniya: Sojan da ya zana yaƙi da ƙarfe mai zafi

Labarin wannan wata na wani soja ne.

Dattawa sun san mazan jiya, waɗanda Faransa ta kwasa daga ƙasar nan zuwa yaƙin Turai. Wani ya komo da lambar girma. Wani ya komo ba ƙafa. Wani kuma ya komo jikinsa lafiya lau, amma ba ya barci. Cikin dare sai ya zabura yana kuwwa. In tukunya ta faɗi, sai ya kwanta ƙasa. Mutane su ce aljannu ne, ko su ce ya taɓu. Ba haka ba ne. Ciwo ne da tsananin firgita ke bari cikin zuciya. A 1980 likitocin Amurka suka sa shi cikin littafinsu na cututtuka.

Horace Pippin baƙar fata ne na ƙasar Amurka. An haife shi a 1888, a wani gari da ake kira West Chester. Talaka ne ɗan talakawa. A lakkol, in an ba shi kalmomi ya rubuta, sai ya zana hoto kusa da su. Malama ta yi ta yi masa faɗa. Malamai su lura: yaro mai zane bisa allo ba lalle ne malalaci ba. Bai yi nisa da karatu ba, ya fita neman abinci. Ya yi aikin gona, ya yi dako, ya yi aikin narka ƙarfe.

A 1917 ya shiga soja, yana da shekara 29. Rundunarsu ta baƙar fata ce, mai lamba 369. Zamanin nan a Amurka ba a gama fari da baƙi cikin runduna guda. Sai aka miƙa su ga Faransa. Suka sa hular ƙarfe ta Faransa, suka ɗauki bindigar Faransa. Rundunar ta yi kwana 191 a bakin daga. Cikin ramuka suke kwana, ga taɓo, ga sanyi, ga hayaƙi mai guba.

A watan Satumba na 1918 harsashin wani maharbin Jamus ya same shi a kafaɗar dama. Ya faɗa cikin wani rami. Wani sojan Faransa ya leƙo ya gan shi. Nan take shi ma aka harbe shi, gawarsa ta faɗo bisa Pippin. Haka ya kwanta, ba ya iya ture ta. Shi da kansa ya rubuta wannan labari bayan ya koma gida.

A 1919 aka sallame shi. Hannun dama ya shanye, ba ya iya ɗaga shi sama. Aikin ƙarfi ya ƙare ke nan. Ya yi aure a 1920. Matarsa tana wankin tufafin mutane, shi kuma yana kai wa masu su. Sai ɗan kuɗin da gwamnati ke ba sojan da ya naƙasa. Ga ciwon hannu, ga baƙin ciki da ke sauko masa lokaci lokaci.

To, ga inda abin ya sake. Wajen 1925 ya ɗauki ƙarfen tona wuta, ya sa shi cikin murhu har ya yi ja. Ya riƙe shi da hannun nan maras ƙarfi, ya dogara shi bisa gwiwa. Da hannun hagu yake juya katako ƙarƙashin ƙarfen. Wuta tana cin katako, hoto yana fitowa. Duk wanda ya taɓa ganin mai zanen ƙwarya a kasuwa ya san wannan aiki. Ƙarfe mai zafi ne da haƙuri. Bambancin kawai, shi ba ƙarfen yake jawowa ba, katakon yake jawowa.

Sannu sannu hannun ya ɗan yi ƙwari. Wajen 1930 ya koma ga fenti. Hannun dama yana riƙe da burushi, hannun hagu yana tallabe da shi. Ba wanda ya koya masa.

Hotonsa na fari da fenti ya ci masa shekara 3. Ranar ƙarshen yaƙi ya zana. Sojojin Jamus sun fito daga rami, hannuwa sama. Sojoji baƙaƙe suna tsaye da bindiga. Ga waya mai ƙaya, ga jirage suna faɗowa da wuta. An ci nasara, amma ba wanda ke dariya cikin hoton. Ya yi ta shafa fenti bisa fenti har ya yi kauri. A katakon da ya kewaye hoton ya sassaƙa bindigogi da hulunan ƙarfe da gurneti. Mai tunani ya duba: mutum ya yi shekara 3 bisa hoto guda, dare bayan dare. Ba kuɗi yake nema ba, don lokacin ba mai saye. Abin da ke cikin kansa yake fitarwa, ya ajiye shi inda ido ke iya kallonsa.

A 1937 masana zane suka ga aikinsa. A 1938 aka nuna hotunansa 4 a wani babban gidan nuni na birnin Niyok. Daga nan sunansa ya fita. Ya zana gidajen talakawa, da mata masu aiki, da yara. Duka duka ya bar hotuna wajen 140.

Amma yaƙi bai sake shi sarai ba. A 1944 da 1945, ana cikin yaƙin duniya na biyu, ya zana wani makiyayi baƙi da farar riga da sanda. Zaki da kyarkeci da tunkiya suna kwance kewaye da shi, ba mai taɓa wani. Makiyayi zai so wannan hoto. Sai dai in an dubi dajin da ke bayansu, cikin duhun itatuwa, ga sojoji nan da kaburbura. Pippin ya rasu a 1946, yana da shekara 58.

Akwai gidajen da ɗansu ya komo daga bakin daga ya zama shiru-shiru. Kada a matsa masa da tambaya. Kada a yi masa dariya in ya ɗauki gawayi yana zane a bango. Takarda da fensir ba su da tsada. Amma in barci ya ƙi, ko yana neman cutar da kansa, a kai shi likita. Zane taimako ne, ba ya maye gurbin magani.

Abin da Pippin ya gano shi kaɗai, daga baya likitoci sun mai da shi aiki. A 2010 aka buɗe wani sashe a babban asibitin soja kusa da birnin Washinton. Sojojin da suka komo daga Iraƙi da Afganistan suka riƙa zuwa can. Ana ba kowa farar fuska ta takarda, da fenti, a ce ya zana yadda yake ji. An yi fuskoki fiye da 1,000. Wani ya raba tasa gida biyu, rabi lafiya, rabi duk rauni. Wani kuma ya sa wa bakin tasa kwado ya kulle.