Kuɗin Shara A Jamus: Wanda Ya Makara Da Rahoto Ba Shi Da Rabo

Ranar 15 ga watan Mayu ta kowace shekara rana ce mai nauyi ga ƙananan hukumomin ƙasar Jamus. Ita ce ranar ƙarshe da doka ta yanke musu su miƙa wa Hukumar Kula da Muhalli ta Tarayya rahoton aikin tsabtace tituna da wuraren shaƙatawa da suka yi a shekarar da ta wuce. Duk wadda ta makara, to, ba ta da rabo a kuɗin wannan shekara, ko da kuwa ma'aikatanta sun share garin tas.

Asalin al'amarin shi ne dokar da Tarayyar Turai ta kafa cikin 2019, wadda ta ce masu ƙera kayan roba na amfani sau ɗaya su ne za su ɗauki nauyin kwashe su idan an watsar a titi. Majalisar Dokokin Jamus ta zartar da tata dokar cikin 2023, aka buɗe asusu na musamman a hannun Gwamnati. Tun daga 1 ga Janairu, 2024, kamfanoni ke biyan haraji gwargwadon nauyin kayan da suka saka a kasuwa: kusan Yuro 9 kan kowane kilo na matatar sigari, kusan Yuro 4 kan kilo na leda marar kauri. An yi kiyasin asusun zai riƙa tara wajen Yuro miliyan 430 a shekara.

Dalilin tsananta wa'adin a fili yake. Tukunya ɗaya ce ake rabawa bisa maki, kuma ba a sanin darajar maki guda sai an san abin da ya shigo, an kuma haɗa makin kowa da kowa. Ashe ke nan rahoto ɗaya da ya makara yana iya tsare kuɗin sauran duka. Su ma kamfanoni wa'adinsu 15 ga Mayu ne, ko da yake cikin 2025, shekarar rahoton farko, sai da aka ɗaga musu zuwa 15 ga Yuni.

Amma fa akwai abin dubawa cikin abin da rahoton yake ƙirgawa. Ana ba da maki ne kan kilomita nawa aka share, da girman kwandunan shara, da tan nawa aka kwashe, da awoyin da ma'aikata suka yi suna wayar da kan jama'a. Watau aiki ake aunawa, ba tsabta ba. Garin da mutanensa suka rage zubar da shara zai kwashe kaɗan, makinsa na wannan fanni kuwa ya ragu, alhali shi ne ya cim ma manufar dokar.

Haka kuma wa'adin bai yi wa kowa nauyi ɗaya ba. Babban birni kamar Hambug yana da sashen tsabta da akawuna masu ajiye lissafi tun farkon shekara. Ƙaramin gari kuwa, inda ma'aikata ƙalilan ke haɗa shara da gyaran hanya, sai ya fara ƙirga kwandunansa da auna titunansa tukuna kafin ya cike takarda.