Filin Masu Mota: Kafin A Ɗora Wa Famfon Mai Laifi

Tun da aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna cikin 1975 direbobin ƙasar nan suka san ta ciki da bai, har yau kuwa akwai tsofaffinta da ba su ajiye aiki ba. Mai irin wannan mota ya san jar fitilar nan ta baƙin mai, wadda kan riƙa ƙyaftawa idan inji ya yi zafi yana silo, ta mutu da zarar an taka totur. Da ya kai ta gareji abin da zai fara ji shi ne, "Alhaji, famfon mai ya gaji." Alhali kuwa sau da yawa famfon ba shi da laifi.

Aikin famfo shi ne ya zuƙo mai daga kaskon da ke ƙarƙashin inji ta cikin rariya, ya tura shi ta matata zuwa ga metal, watau shimfiɗun ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kansu. Turawa kaɗai ke gare shi. Ƙarfin mai kuwa daga ƙuncin hanya yake samuwa, kamar dai mai ban ruwa da ya danne bakin tiyo da yatsa. To, idan metal suka cinye hanya ta buɗe, mai ya tsinke don zafi, sai ya riƙa zurarewa ba tare da ƙarfi ba. Ko an sa sabon famfo a irin wannan inji, fitilar za ta komo, kuɗi kuma sun tafi.

Saboda haka, idan fitila ta kama ana cikin tafiya, lalle ne direba ya ratse ya kashe inji nan take, domin 'yan mintoci sun isa inji ya buga. Sa'an nan ya zaro sandar awon mai ya duba, ya kuma sunsuna, gama tsohon famfon fetur kan yi yoyo cikin baƙin mai ya tsinka shi. In mai ya cika kuma lafiyayye ne, sai bakanike ya kwance ɗan makunnin da ke kunna fitilar, wanda shi kansa kan lalace, ya ɗaura agogon awo a gurbinsa. Ƙa'idar da kanikawa ke bi ita ce a sami kimanin psi 10 a kan kowane juyi 1,000 na inji cikin minti ɗaya.

Idan allura ta hau sosai da sanyi, ta faɗi bayan inji ya yi zafi, metal za a fara tuhuma. Idan kuwa ba ta hau ba ko da sanyi, sai a sauke kasko. Nan ne akan tarar da rariya ta toshe da dauɗar tsohon mai, ko da guntayen gam ɗin da wani ya lafta a madadin gasket, ko kuma bawul ɗin da ke rage ƙarfin mai ya maƙale a buɗe. Sai an wuce waɗannan duka kana a buɗe famfon a duba ko haƙoransa sun cinye, ko murfinsa ya karce.

Akwai masu cire ƙwan fitilar don kada fasinja su gani, akwai masu ɗura mai mai kauri su sayar da motar. Wannan ha'inci ne.

In ta tabbata famfon ne, a cika sabon da mai kafin a ɗaura shi, a zare wayar kwayil, a yi ta murza makulli har fitilar ta mutu, sa'an nan a tayar da inji.